Uban Da Ke Kiran Ɗansa "Yaro": Daɗi Da Naƙasun Wasan God of War

Yau za mu ɗan ajiye littafi da fim a gefe, mu leƙa wasan bidiyo. Mun san akwai wanda zai yamutsa fuska ya ce me ya haɗa marubuci da gem, abin yara da marasa aikin yi? Abin da ya haɗa mu shi ne labari. Duk inda aka gina labari da kyau akwai abin da za mu ɗauka, duk inda aka yi masa kwaɓa kuma akwai abin da za mu kiyaye. Wasan da muka zaɓa shi ne God of War na shekarar 2018. Muna gargaɗi tun yanzu, za mu fasa ƙwan labarin har ƙarshensa, don haka wanda yake da niyyar bugawa ya yi haƙuri ya dawo daga baya.

Mu da muka taso a zamanin PlayStation 2 mun san Kiratos tun kafin ya tara gemu. Wasan farko ya fito a 2005, na biyu a 2007, na uku a 2010, dukkansu daga kamfanin Santa Monica Studio na Sony da ke jihar Kalifoniya a Amurka. A gidajen gem na unguwanninmu, idan aka gaji da ƙwallo, faifansa ake sakawa. Ba Turancin muke bi sosai ba a lokacin, abin da muka gane shi ne ga wani farin ƙato mai jan zane a jiki, da wuƙaƙe biyu ɗaure da sarƙa a hannuwansa, yana ihu yana yayyaga duk abin da ya tare masa hanya.

Labarinsa a taƙaice: sarkin yaƙin Sifata ne a tsohuwar ƙasar Girka. Ya sayar da kansa ga Aris, wanda Girkawan da suka ɗauka a matsayin abin bautarsu na yaƙi, shi kuma Aris ya yaudare shi har ya kashe matarsa da 'yarsa da hannunsa. Aka la'ance shi, tokar gawarsu ta manne a fatarsa, wannan farin da muke gani ke nan. Daga nan ya shiga ɗaukar fansa. Ya kashe Aris, ya bi sauran allolin tatsuniyar Girka ɗaya bayan ɗaya, har ya ƙare da mahaifinsa Ziyus, ya bar ƙasar cikin ambaliya da annoba da duhu. Wasanni ne masu daɗin bugawa, amma jarumin murya ɗaya gare shi, ita ce fushi. Marubucin da ya ba tauraronsa hali ɗaya tak daga shafin farko zuwa na ƙarshe, mun san abin da za a ce masa a wannan zauren.

Shi ya sa abin da aka yi a 2018 ya cancanci a tsaya a duba. Cory Barlog, wanda ya jagoranci wasa na biyu, ya dawo ya kwashe kimanin shekara biyar da tawagarsa suna wannan aiki, kuma ya sha faɗa cewa zamansa uba ya yi tasiri a kan labarin. Bai jefar da tsohon Kiratos ya ƙirƙiro sabo ba. Ya bar masa duk laifinsa, sai ya tsofar da shi, ya kai shi arewacin Turai, ƙasar dusar ƙanƙara da tatsuniyoyin mutanen Sikandinebiya, ya ba shi ɗa.

Wasan ya buɗe da sare bishiya. Matarsa ta biyu, Feyi, ta rasu, yana haɗa itacen da za a ƙona gawarta bisa al'adar wurin. Wasiyyarta guda ce: a kai tokarta a watsa a kan dutse mafi tsawo a cikin duniyoyi tara. Shi ke nan labarin. Babu ceton duniya, babu sarautar da za a ƙwato. Uba da ɗa ne da ba su saba da juna ba, wadda take haɗa su ta tafi, ga jakar toka, ga hanya.

Wannan shi ne ƙarfin wasan na farko, kuma a ganinmu shi ne mafi girma. Kiratos ba ya cika kiran ɗansa da sunansa Atiriyus, sai dai ya ce masa "yaro". Turawa sun mayar da wannan abin barkwanci a intanet, saboda yadda Christopher Judge, mai muryar Kiratos, yake furta kalmar da kakkausar murya. Mu kam bai ba mu dariya sosai ba, domin mun san gidajen da uba ba ya kama sunan ɗan farinsa. Mun san uban da zai kwana bai runtsa ba idan ɗansa na zazzaɓi, amma gari na wayewa abin da zai fito daga bakinsa shi ne, "Kai, ka sha maganin?" Bambancin dai, namu iyayen kunya ce da kara suke hana su, shi kuwa Kiratos tsoro ne. Yana tsoron yaron ya san wane ne ubansa, yana kuma tsoron ya gado shi, tunda barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Akwai wani ɗan wuri tun a farko da ya isa misali. Sun fita farauta, yaron ya harbi barewa, amma ya kasa ƙarasa ta da wuƙa sai da uban ya kama hannunsa. Yaron ya durƙusa jikinsa ya mutu. Kiratos ya miƙa hannu zai dafa kafaɗarsa, hannun ya tsaya a iska, sai ya janye. Babu wanda ya yi magana. Mu da muke cika shafi uku da "zuciyarsa ta karaya, tausayi ya lulluɓe shi, ƙwalla ta cika idonsa", ga yadda aka faɗi duk wannan da hannu guda. Haka ma jakar tokar. Yaron ya roƙi a ba shi ya ɗauka, uban ya hana. Sai a matakalar ƙarshe, bayan duk abin da suka sha, ya kwance ta ya miƙa masa. Wanda ya bi tafiyar tun daga farko ba ya buƙatar a yi masa bayani.

Ƙarfi na biyu shi ne yadda aka sa yatsun mai wasa su ji abin da labarin ke faɗa. Gatarin da Kiratos ke riƙe da shi na matarsa ne. Kana jefa shi ya kafe a jikin dodo ko a bango, ka ci gaba da faɗa da dunƙulen hannu, sannan ka danna maɓalli ɗaya ya taso daga inda yake, ya sare duk wanda ke kan hanyarsa, ya faɗo tafin hannunka da wani nauyi da za ka ji har a abin da kake riƙe da shi. Mun jefa gatarin nan sau ba adadi, bai taɓa gundurarmu ba. Wani maɓallin kuma na yaron ne kacokan, da shi kake ba shi umarni ya harba kibiya. A farko kibiyarsa ba ta wuce ta ɗauke hankalin abokin gaba. Tafiya na nisa sai ka wayi gari ba ka iya shiga faɗa ba tare da shi ba. Kiratos bai iya karatun rubutun ƙasar ba, yaron ne ke karanta masa abin da ke jikin duwatsu da ƙofofi. Ka ga an sa ka dogara da shi a aikace, tun kafin uban ya yarda ya furta.

Sai kyamara. Tun daga sare bishiyar nan har zuwa ƙarshe ba a yanke hoton ba, kamar fim ɗin da aka ɗauka a tashi ɗaya, kyamarar na manne a bayan kafaɗar Kiratos. Amfanin wannan ya fi fitowa a tsakiyar labari. Yaron ya kwanta rashin lafiya, maganinsa yana Helhem, lahirar tatsuniyar, inda sanyi ya kai gatarin ƙanƙara ba zai yi aiki ba. Dole Kiratos ya koma gida ya tono abin da ya binne. Sai aka bar ka da shi a kwalekwale, sama ta yi ja, babu faɗa, babu abin tsinta, har ya isa gida ya ɗaga katakon ɗaki ya fito da wuƙaƙen nan masu sarƙa, naɗe a tsumma, hannunsa na rawa. Duk wanda ya buga tsofaffin wasannin ya san abin da aka aikata da su. Daɗin sake riƙe su da nauyin sanin tarihinsu suka zo mana a lokaci ɗaya. A wurinmu nan ne ƙololuwar wasan, ya fi duk wani faɗa da ke cikinsa.

Yanzu mu zo kan tatsuniyar kanta. Yawancin abin da duniya ta sani game da Odin da Tor da Loki ya zo ne daga littattafai biyu da aka rubuta a tsibirin Ayislan a ƙarni na 13. Ɗaya tarin tsofaffin waƙoƙi ne, ɗayan kuma Snorri Sturluson ne ya rubuta shi wajen shekarar 1220, duka biyun ana kiransu Edda. Shi Snorri Kirista ne, ya yi rubutunsa fiye da shekara 200 bayan ƙasarsa ta bar bautar waɗannan abubuwa, har ya bayyana su a matsayin mutane ne da suka yi ƙaura daga gabas aka mayar da su abin bauta. Ya tattara labaran ne don kada mawaƙan zamaninsa su rasa ma'anar tsofaffin salon waƙa. Har gobe sunayen Talata, Laraba, Alhamis da Juma'a a Turanci suna ɗauke da sunayen Tir, Odin, Tor da Firig.

Mun kawo wannan ne saboda mun san sunan wasan kansa yana yi wa da yawanmu nauyi a baki, kuma ba mu ga laifin wanda ya ce shi ba zai taɓa shi ba saboda haka. Hukunci na malamai ne. Abin da za mu iya shaida a kai shi ne abin da ke ciki: waɗanda ake kira alloli a wasan suna ƙarya, suna shaye-shaye, suna tsoron mutuwa, kuma suna mutuwar. Babu inda aka kira mai wasa ya girmama su, jarumin ma gargaɗin ɗansa yake kada ya yarda da ko ɗaya daga cikinsu.

Masu wasan ba su kwafi Edda ba, sun juya ta. A asalin labarin, Baldur shi ne mafi soyuwa a cikinsu, kyakkyawa mai haske. Ya yi mafarkin mutuwarsa, sai mahaifiyarsa Firig ta bi kowane abu a duniya, wuta da ruwa da ƙarfe da dutse da cuta, ta karɓi rantsuwar ba za su cutar da shi ba. Ta tsallake kauci kawai, tsiron nan da ke fitowa a jikin wata bishiyar, don ta raina shi. Loki ya gano, ya ba makahon ɗan uwan Baldur reshen kauci ya jefe shi, ya mutu, kuma mutuwarsa ce ta buɗe ƙofar tashin duniyarsu da suke kira Ragnarok.

Marubutan wasan sai suka yi tambayar da ta dace da marubuci: to shi wanda aka yi wa wannan kariya, yaya rayuwarsa take? Amsarsu ita ce Baldur ɗin da muka gani. Sihirin uwarsa ya hana shi jin ciwo, amma ya haɗa da ɗanɗanon abinci, da ɗumin wuta, da sanyin iska. Shekara sama da 100 bai ji komai ba, har ya haukace, kuma babu wanda ya tsana a duniya kamar uwar da ta yi masa haka don so. A wasan an haɗe Firig da Fireya sun zama mace ɗaya, ita ce matar dajin da ta yi ta taimakon Kiratos da ɗansa. Lokacin da tsinin kauci ya soki hannun Baldur sihirin ya karye, murna ya yi, yana dariya yana jin sanyin ƙanƙara a fuskarsa. Da faɗa ya ƙare, Fireya ta miƙa masa wuyanta ya shaƙe idan hakan zai sanyaya masa rai. Kiratos ya karya wuyan Baldur don ya cece ta, ita kuma ta rantse sai ta rama.

Ku duba yadda aka jera iyayen. Ga uban da ya ɓoye wa ɗansa gaskiya don ya kare shi, har ɓoyon ya kwantar da yaron. Ga uwar da ta kare ɗanta daga komai har ta raba shi da rayuwa. Ga Tor, wanda ɗansa Modi ya koma masa da labarin mutuwar ɗan uwansa Magni, ya lakaɗa masa duka har ya kusa kashe shi. Gida uku, tambaya ɗaya: yaya za ka so ɗanka ba tare da ka lalata shi ba? An ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, amma Fireya ta nuna mana kazar da ta danne ɗan tsakonta saboda tsoron shirwar.

Ba za mu wuce ba mu ambaci Mimir ba. A tsohon labarin an sare kansa aka aika wa Odin, shi kuma ya shafe shi da magunguna ya ci gaba da neman shawararsa. A wasan, kan nan yana rataye a ƙugun Kiratos, kuma duk lokacin da aka shiga kwalekwale a Tafkin Tara sai ya ɗauko labari, na ƙattai, na makircin Odin, na ta'asar Tor. Kana isa gaɓa sai ya ce a ajiye sai an dawo, kana komawa ruwa ya ɗora daga inda ya tsaya. Sau da yawa mun tsayar da tuƙi dab da gaɓa don kawai labari ya ƙare. Da wannan dabara aka zuba mana tarihin duniyar ba tare da an tsayar da mu an yi mana lacca ba.

To, zuma da zaƙi da harbi. Naƙasun wasan na farko shi ne maimaici. Dodo na farko da ka haɗu da shi, ƙato mai ɗauke da ginshiƙin dutse, yana ba da tsoro. Sai ka sake haɗuwa da shi da wani launi, yau na wuta, gobe na ƙanƙara, har kusan sau goma, kuma kusan kullum da salo ɗaya ake ƙarasa shi. Abin ya fi ciwo a Helhem. An yi ta kwarzanta mai gadin gadar matattu, ka shirya ganin abin da ba ka taɓa gani ba, sai ga dodon nan dai an sauya masa fenti. Ga jerin wasannin da suka yi suna da manyan bos, waɗanda wani ma a kan jikinsa ake yin faɗan saboda girma, wannan koma baya ne. Idan aka cire Baldur, da macijin nan mai fukafukai na cikin dutse, da 'ya'yan Tor biyu, babu wani bos na musamman a kan babbar hanyar labarin. Faɗan da ya fi kowanne gwada gwaninta, na mayaƙan matan nan takwas masu fukafukai da sarauniyarsu Sigrun, an ajiye shi a gefe, mutum zai iya gama wasan bai san da su ba.

Na biyu, kayan ƙididdiga. An cika wasan da sulke kala-kala, kore da shuɗi da shunayya da ruwan zinare, kowanne da lambobin ƙarfi da kariya da sa'a, ga duwatsun da ake maƙalawa, ga azurfar da ake tarawa a kai wa maƙeran nan biyu, Burok da Sindiri. Su maƙeran muna son su, rigimarsu ta wa da ƙane tana da daɗi. Amma mutumin da ya kashe Ziyus ya zo wani ƙaramin abokin gaba ya kayar da shi da bugu ɗaya don kawai lambar sulkensa ba ta kai ba, wannan ya saɓa wa hankalin labarin. Haka mutumin da muka ga ya kife ginin haikali sukutum da ƙarfinsa, ya zo gaban dutsen da bai wuce ƙugunsa ba ya kasa haurawa saboda ba a yi masa alama ba. Uban da ke ɗauke da tokar matarsa kuma ga shi yana fasa tukwane yana tsintar kuɗi, yana jifan hankakin Odin guda 51. Wannan ba buƙatar labarin ba ce, buƙatar kasuwa ce, don a ce wasan yana da tsawo. Biyu daga cikin duniyoyin, ta wuta da ta hazo mai guba, kusan babu labari a cikinsu sai faɗa da tara kaya. Uku kuma a rufe suke har ka gama, kana ganin sunayensu ba ka da ikon shiga.

Na uku, kyamarar da muka yaba tana da kuɗin da ake biya. Saboda ta matso sosai, ba ka ganin abin da ke bayanka, sai dai ka dogara da wasu 'yan kibiyoyi a jikin allo da ihun yaron. Saboda ba a son yanke hoto, duk inda na'ura ke buƙatar loda sabon wuri sai a sa ka kutsa ta tsagin dutse a hankali, ko ka hau lif mai jan jiki, ko ka yi ta zagaye a kan reshen bishiyar duniya kana jiran ƙofa ta bayyana. Jira ne dai aka sa masa riga.

Na huɗu ya shafi rubutu, kuma shi ya fi damunmu. Da Atiriyus ya ji cewa shi ma jinin alloli ne, sai girman kai ya hau shi. Ya ci mutuncin Sindiri, ya yi wa tunawa da uwarsa riƙon sakainar kashi, ya soke Modi duk da uban ya hana, har a wurin faɗa yakan afka wa abokan gaba ba tare da an umarce shi ba. Tunanin yana da kyau, kuma sa mai wasa ya ji rashin biyayyar a yatsunsa dabara ce. Amma an yi gaggawa. Cikin ɗan lokaci yaro mai tausayin dabbobi ya zama ɗan iska, cikin ɗan lokaci kuma, bayan faɗa guda da uban ya yi masa, ya dawo daidai kamar an kashe fitila an kunna. Wurin da ya fi buƙatar a zauna a kansa shi aka tsallake, alhali an ba dodanni masu fenti awanni.

Haka batun mata. Feyi ita ce ta tsara tafiyar gaba ɗaya. Bishiyoyin da ta sa wa alama a sare su ne suke riƙe da kariyar gidan, ta san abin da zai biyo baya. A Yotunhem aka gane cewa ita jinin ƙattai ce, sunanta Lofe, kuma sunan da ta so a sa wa ɗanta shi ne Loki. Duk da haka ba mu ga fuskarta ba, ba mu ji muryarta ba, gawa ce a naɗe tun daga minti na farko. Mace mai rai da ke da ta cewa a duk labarin guda ce. Odin ma ba a gan shi ba, Tor kuma sai a wani ɗan mafarki bayan an gama. Duk muguntarsu a bakin Mimir muka ji, wanda Odin ya ɗaure a jikin bishiya shekara da shekaru. Shari'a ce da aka saurari ɓangare ɗaya, aka ɗage sauran zuwa God of War Ragnarök na 2022. Wasan da aka saya da kuɗi cikakke bai kamata ya ƙare da rabin alƙawari ba.

Akwai kuma saɓanin da ke gindin abin duka. Labarin yana cewa a daina zubar da jini, ɗa ya fi ubansa, a yanke wannan igiya ta ɗa ya kashe uba. Amma abin da yatsunka ke yi awa ashirin ko fiye shi ne sara da tsaga ƙirji, kuma an ƙawata shi yadda zai yi daɗi. Masu wasan sun rage kaifin wannan da suka sa yawancin abokan gaba gawarwaki ne da dodanni, amma ba su warware shi ba. Wa'azin haƙuri ne ake yi da gatari a hannu. Wannan ya sa muke tunatar da iyaye da yayye cewa a Turai an yi wa wasan alamar shekara 18, a Amurka 17. An cire batsar da ke cikin tsofaffin, amma jinin yana nan. Ganin ƙaramin yaro a jikin kwalin ba ya nufin na yara ne.

Wani abu kuma da ba laifin masu wasan ba ne, amma ya shafe mu. Wannan ba wasan gidan gem ba ne. Inda ake biyan kuɗin lokaci, ana ihun ƙwallo a allon kusa, janareta na ruri, wani na tsaye a kanka yana jiran ka tashi, ba za ka ji labarin Mimir ba, ba za ka lura da hannun da aka janye ba. Abin da zai rage maka shi ne faɗan, wato ɓangaren da ya fi maimaici. Shi ya sa idan wani ya ce mana tsohon ya fi daɗi ba ma musu da shi, sai mu tambaye shi a ina ya buga sabon. Tun Janairun 2022 an sake shi a kwamfuta, wanda yake da mai ƙarfi da wutar da za ta riƙe shi zai iya bi a nutse.

Duniya dai ta karɓe shi. Ya sayar da kwafi sama da miliyan 3 a kwana ukun farko, ya wuce miliyan 23 zuwa ƙarshen 2022, kuma shi ya lashe kyautar gwarzon wasan shekara a bikin The Game Awards na 2018, a shekarar da Red Dead Redemption 2 ya fito. A namu ma'aunin, ya cancanta, amma ba don girmansa ba. Duk inda wasan ya amince da ƙaramin labarinsa, uba da ɗa da toka, ya yi abin da littattafai da yawa ba su yi ba. Duk inda ya ji tsoron kada a ce ya yi kaɗan, ya cusa dodo da sulke da hankaka, sai ya koma kamar kowane wasa. Da an yanke kashi ɗaya cikin huɗu, an ba fushin yaron da muryar uwarsa wannan filin, da ya fi haka.

Mu ma a nan mun san wannan cuta. Sau nawa muka karanta labarin da ya kamata ya ƙare a babi na 30 aka ja shi zuwa na 80, aka ƙaro kishiya da hatsarin mota da ɓatan tunani don kada masu bibiya su watse? Sannan akwai darasin tambayar da aka yi wa Baldur. Mun saba ba da labarin Bayajidda daga bakin mai takobi. Mutanen Daura da aka ce macijin rijiyar Kusugu ba ya barinsu ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, yaya sauran kwana shidan suke a gidan mace mai goyo? Irin wannan tambayar ce ke mayar da tatsuniya labari.

Waɗanda suka buga, muna son jin inda kuka saɓa da mu, musamman kan hukuncin da Kiratos ya yanke wa Baldur: ceto ya yi, ko shiga sharo ba shanu? Waɗanda ba su buga ba kuma, ku gaya mana ko kun san uban da ke kiran ɗansa "yaro". Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, Ya ƙara wa na raye lafiya. Sai mako mai zuwa idan Ya kai mu.